Rina Tushen Gashi A Gida: Shawara Ga Mai Juna Biyu Da Iyalinta



Akwai wata tambaya da mata ba su cika yin ta cikin taro ba a ranar awo. Sai an gama jawabi, an auna jini, an duba kwanciyar ciki, mace ta gyara mayafi kamar za ta fita, sannan ta dawo ta rage murya ta ce: "Sista, don Allah in yi tambaya. Na saba rina kaina, ga shi tushen gashin ya fito da furfura, ga haihuwa ta matso, za a taru ranar suna. Ko zan iya shafa rini da cikin nan?" Wadda ta yi tambayar ta kyauta. Da yawa ba sa tambaya, sai dai su aiki yaro kasuwa ya sayo ƙullin baƙin gari, su kwaɓa a ɗaka su shafa. In abu ya ɓaci, sannan a ji labari.

Na yi wannan rubutu ne musamman saboda matanmu na ƙasar Gobir, wato Sabon Birni da Isa da garuruwan da ke kewaye da su, irin su Gatawa da Tsamaye da Unguwar Lalle da Kurawa da Turba da Bafarawa, domin su ne babban asibiti ya fi yi wa nisa idan matsala ta taso. Amma maganar ta shafi kowa.

Bari in faɗi ra'ayina tun daga farko. Ban ga dalilin hana mai ciki gyara kanta ba, kuma ba na tare da masu ce mata kada ta kuskura ta taɓa rini har sai ta yaye. Irin wannan hani ɓoyo kawai yake jawowa, mace ta yi abinta a asirce, in ta ji ciwo ta ji kunyar faɗa. Abin da nake kira a kai shi ne a bari wata ukun farko na ciki su wuce, a nemi rinin da ke da suna da lamba da takardar bayani, a gwada shi a fata kwana biyu kafin a sa shi a kai. Baƙin garin nan da ake aunawa a leda ba suna ba adireshi kuwa, a rabu da shi baki ɗaya, da ciki ko ba ciki. Ga dalilaina.

Me Ya Sa Tushe Yake Fitowa?

Gashi daga cikin fata yake tsirowa, kimanin santimita 1 a kowane wata. Rini ba ya kaiwa can inda gashin ke tsirowa, wanda ya riga ya fito waje kaɗai yake kamawa. Saboda haka duk wadda ta rina kanta, bayan mako 4 zuwa 6 za ta ga sabon gashi ya leƙo daga tushe da launinsa na asali, in da furfura ta fito fes, musamman a goshi da tsagar kitso. Wannan ba laifin rinin ba ne, kuma ƙara masa ƙarfi ko daɗewa da shi a kai ba zai hana hakan ba.

Abin lura a nan shi ne, rina tushe yana nufin ɗora rini a kan fatar kai kanta, kuma a maimaita shi sau takwas ko fiye a shekara. Wannan yawan haɗuwar fata da rini shi ne ke sa a wayi gari jiki ya ƙi shi. Ga kuma ciki da nasa canje-canjen. A ka'ida mutum yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana, amma idan mace na da ciki zubar tana raguwa, gashi ya cika. Fata kuma takan ƙara saurin jin zafi da ƙaiƙayi, har abin da mace ta saba shafawa lafiya lau ya fara damunta.

Abin Da Ke Cikin Kwalin Rini

Rinin zamani mai daɗewa yakan zo da abu biyu da ake haɗawa. Akwai man rinin, wanda yawanci ke ɗauke da amoniya mai warin nan da ke hawa kai, aikinta buɗe bayan silin gashi. Akwai kuma farin ruwan haɗi. Shi kuwa baƙin, a mafi yawan rini, wani sinadari ne ke kawo shi wanda ake taƙaita sunansa da PPD. Idan aka haɗa su, sinadarin yana shiga cikin silin gashi ya koma baƙi ya maƙale a ciki. Fiye da shekara 100 ke nan ana amfani da shi a duniya, kuma duk rinin da ya fi baƙi ya fi yawan sa.

Matsalar PPD ita ce jikin wasu mutane yana ɗaukar gaba da shi. Mace za ta iya yin shekaru tana rini ba ta ga komai ba, rana ɗaya jikinta ya juya. Daga ranar kuwa har ƙarshen rayuwarta, duk lokacin da ya taɓa ta sai fata ta yi bori, kuma na gaba yakan fi na baya muni. Yawanci ba nan take abin ke nunawa ba, sai bayan kwana 1 zuwa 3: ƙaiƙayi, ja, ƙuraje masu ruwa a goshi da kunne da ƙeya, wani lokaci fuska ta kumbura har ido ya rufe. A shekarar 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwon fata ta zaɓi PPD a matsayin sinadarin da ta fi jan hankalin jama'a a kansa a wannan shekara. Don haka ne dokar Tarayyar Turai ta ce kada ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa shi.

Shin Yana Taɓa Ɗan Da Ke Ciki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun uwa, kuma amsarta mai kwantar da hankali ce. Abin da ke ratsa lafiyayyar fatar kai ya shiga jini daga rini kaɗan ne ƙwarai. Hukumar lafiya ta Ingila da ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka duk sun tafi a kan cewa rina gashi lokacin ciki ba a ganin yana cutar da ɗan tayi. Haka kuma ba dalili ba ne na daina shayarwa.

To me ya sa nake cewa a jira mako 12 na farko su wuce? Dalili na farko, a waɗannan makonni ne ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓin jariri, lokacin da muke son uwa ta nisanci duk wani sinadari da ba dole ba ne. Na biyu, lokacin laulayi ne, warin amoniya kaɗai ya isa ya tayar da amai da jiri. Furfurar wata uku a ƙarƙashin ɗankwali ba ta kashe kowa ba.

Sai dai a riƙe wannan da kyau: duk wannan tabbaci da likitoci suka bayar a kan rinin da hukuma ta duba ne, wanda aka san abin da ke cikinsa da yawansa, aka kuma shafa shi a lafiyayyar fata na 'yan mintoci. Bai haɗa da ƙullin leda ba.

Inda Haɗarin Yake

Kasuwannin ƙasar Gobir kasuwannin bakin iyaka ne. Kaya na shigowa ta Shinkafi, na shigowa ta Sakkwato, na kuma tsallakowa daga wajen Maraɗi da Madawa. A cikinsu akwai rini na kirki, akwai wanda wa'adinsa ya wuce ya sha rana a kan tire, akwai kuma baƙin gari ko ɗan dunƙule kamar dutse da ake sayarwa da sunan baƙin lalle ko dayis. Mata sun san shi a wajen ƙunshi da zanen fulawa, da yawa kuma da shi suke rufe furfura saboda araha da saurin kamawa.

'Yan'uwa, babu wani icen lalle da ke ba da baƙi. Lallen da muka sani ja yake bayarwa, in ya nuna sosai ya yi duhu, kuma sai ya yi awoyi kafin ya kama. Duk abin da ya baƙanta fata ko gashi wuluk cikin ƙasa da awa guda, an sa masa wani abu, kuma galibi PPD ne. A wani bincike da aka buga a 2010 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an auna baƙin lallen da ake yi wa mata ƙunshi da shi, aka tarar wani yana da PPD kusan kashi 30 cikin 100. A kwatanta wannan da kashi 2 da doka ta yarda da shi a Turai. Mai sayarwa bai san yawan abin da ke cikin ƙullinsa ba, mai kwaɓawa ma da ido take aunawa.

Ga wata alaƙa da mata da yawa ba su sani ba. Ƙunshin dayis na biki ɗaya ya isa ya sa jiki ya ɗauki gaba da PPD. Bayan shekaru, ranar da matar ta shafa rinin kwali mai kyau a kanta, sai fuska ta kumbura. Saboda haka duk wadda zanen baƙin lalle ya taɓa yi mata ƙaiƙayi, ko ya tashi ya yi ruwa, ko ya bar mata tabo mai siffar zanen, to ita da rinin gashi mai PPD sun yi hannun riga, ko gwaji kada ta yi. Ta kuma gaya wa ma'aikatan lafiya ranar awo a rubuta a katinta, domin irin wannan jiki wani lokaci yakan ƙi wasu magunguna ma.

Na san abin da za a ce: "Ai na sha yi ban ga komai ba." Haka duk wadda ta kumbura ta ce kafin ranar. Wata ta ce na kwali ya yi tsada. Gaskiya ne, amma a lissafa kuɗin mota zuwa Sakkwato da na gado da na magani, a ga wanda ya fi tsada. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Idan Za A Yi A Gida

Ga mai cikin da ta wuce wata uku, wadda rini bai taɓa ba ta matsala ba, ga yadda ya kamata ta yi:

1. Ki duba kwalin. Ya kasance da sunan kamfani, da lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi, da takardar bayani. In rubutun Faransanci ne ko Turanci, a nemi wanda ya iya ya karanta miki kafin a buɗe komai.

2. Ki yi gwaji awa 48 kafin ranar. A shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu yadda takardar ta nuna. In kin ji ƙaiƙayi ko zafi, ko kin ga ja ko kumburi, ki wanke ki fasa. Wannan gwaji kowane karo ake yin sa, ko da rinin da kika saba ne.

3. Kada ki yi rini ranar da kika yi tsifa. Tsifa da taje kai da susa suna barin 'yan raunuka da ido ba ya gani, ta nan rini ke shiga. Ki bari kai ya huta kwana ɗaya ko biyu. In akwai ƙuraje ko makero ko gyambo a kai, sai sun warke.

4. Ki yi da safe, a tsakar gida cikin inuwa inda iska ke kaɗawa. Ɗaki a rufe ba wurin rini ba ne. A tanadi ruwan wanki mai yawa tun kafin a haɗa, kada lokaci ya cika ana jiran mai ruwa.

5. A shafa basilin ko man kaɗanya a goshi da kunnuwa da ƙeya don kare fata. Mai shafa rinin ta sa safar hannu, in babu ta ɗaura leda. Ya fi kyau wata ta shafa miki, domin ita ce ke ganin tushen.

6. A haɗa a kwanon roba da aka ware don wannan aiki kaɗai. Ban da na ƙarfe, ban da na abinci. Kada a gauraya rini iri biyu, kada a ƙara masa dayis ko wani abu wai don ya fi kamawa.

7. A tsaga gashin kashi huɗu, a bi shi layi-layi, a shafa wa sabon tsiron kaɗai. Wanda aka riga aka rina ba ya bukata, maimaita masa rini karya shi yake yi.

8. A duba agogo. Mintocin da takarda ta faɗa su ne iyaka. Mun saba da lalle, wanda ake ɗaurewa da leda a kwana da shi, to rini ba haka yake ba. Kwana da rini a kai ganganci ne. In kin ji zafi kamar wuta tun lokaci bai cika ba, ki wanke nan take.

9. A wanke da ruwa mai yawa har ya fita fari, kai a karkace baya don kada ya gangaro ido. Ragowar da aka haɗa a zubar inda yaro ko dabba ba za su kai ba. Ba a ajiye shi a kwalba a rufe, yana iya kumbura ya fashe.

10. A bar aƙalla mako 6 tsakanin rini da rini. Da ciki, sau ɗaya ko biyu ya wadatar.

Gira da gashin ido kuwa kada a kai musu rinin gashi ko dayis ko kusa. A Amurka a 1933 wani rinin gashin ido mai PPD ya makantar da mata, kuma yana cikin abubuwan da suka sa ƙasar ta kafa dokar kula da kayan kwalliya a 1938.

Rilaksa Da Rini

Mata da yawa suna haɗa aiki biyu rana ɗaya, su sa man miƙar da gashi, wato rilaksa, sannan su bi da rini. Wannan kuskure ne babba. Rilaksa yana da kaifi irin na sodar sabulu, yakan ƙona fatar kai ko da mace ba ta ga ciwon ba, sai rini ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe. A bar aƙalla mako 2 tsakaninsu. A 2022 wani bincike da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta yi a kan mata sama da 33,000 ya nuna cewa masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun fi kamuwa da sankarar mahaifa fiye da ninki biyu a kan waɗanda ba sa amfani da shi. Binciken bai ga irin wannan alaƙa da rini ba. A ganina mai ciki ta huta da rilaksa har ta haihu, kitso mara tsauri da man kaɗanya sun ishe ta.

Lalle Na Gaskiya, Da Maganar Jariri

Ga wadda ke son rufe furfura cikin kwanciyar hankali, lallen gargajiya da aka san inda aka daka shi ya fi komai. Yana mayar da furfura ja mai kyau, kuma da wuya fatar babba ta ƙi shi. Kakanninmu da lalle da shuni suka yi ado, ba su san PPD ba. Malamanmu kuma suna da bayani a kan hukuncin rina furfura da baƙi, mai son sani ya tambaye su. Ni ta fuskar lafiya nake magana.

Amma lallen da ya dace da uwa bai dace da jariri ba. Akwai wata larurar jini ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, tana da yawa a Nijeriya, musamman ga 'ya'ya maza, kuma ba a gane mai ita da ido. Idan lalle ya taɓa fatar irin wannan jariri, ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, ya yi shawara mai tsanani wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. A Kuwait a 1996 likitoci sun ba da rahoton jarirai maza 15 da hakan ta same su bayan an shafa musu lalle. Kafur da ake sawa cikin kayan jariri shi ma haka yake yi. Don haka ranar suna uwa ta yi adonta, amma kada a ɗiga wa jariri lalle ko dayis a hannu ko goshi ko gira. Wadda ke da ɗanyen lalle ko rini a hannu kada ta ɗauke shi sai ta wanke. In idon jariri ko jikinsa ya yi rawaya, asibiti za a kai shi a ranar.

Mai jego kuma ta sani, wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa gashin da ya ƙi zuba lokacin ciki zai zuba da yawa. Wannan ba ciwo ba ne, yakan daidaita kafin yaro ya shekara. A wannan lokaci a sassauta kitso, a rage rini.

Wajen Ajiya

Idan PPD ya shiga ciki, guba ne mai kisa, kuma ba shi da makari. A birnin Hartum na Sudan, tsakanin 1984 da 1989, an kwantar da yara 31 saboda gubar haɗin lalle da PPD. Dukansu sun zo da kumburi mai tsanani, 15 sai da aka huda musu maƙogwaro don su sami numfashi, 13 kuma suka rasu cikin awa 24 da kawo su. Garin dayis a leda yana kama da kayan miya ko garin magani, kwaɓaɓɓe a kofi kuma yaro mai rarrafe ba ya bambance shi da abin sha. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana shi shiga gidan da ke da yara.

In har yaro ko babba ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take, tare da ragowar abin da ya sha, ko da yana wasansa, domin kumburin harshe da wuya yakan zo bayan 'yan awoyi. Fitsari ya koma baƙi kamar shayi mai kauri alama ce ta cewa ƙoda na cikin haɗari, wankin ƙoda kuwa sai manyan asibitoci irin na Sakkwato.

Kumburin Fuska Ga Mai Ciki Ba Abin Jira Ba Ne

Wannan ita ce maganar da na fi so a riƙe. Idan mai ciki ta yi rini fuskarta ta kumbura, mutanen gida za su ce ai rinin ne, zai saɓe. Mai yiwuwa rinin ne. Amma kumburin fuska da hannuwa bayan ciki ya wuce wata biyar yana cikin alamomin hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewa. Ba mai iya bambance su a gida, sai an auna jini an gwada fitsari. Saboda haka duk mai cikin da fuskarta ta kumbura a kai ta asibiti a ranar, ta kuma faɗi gaskiyar abin da ta shafa, in da hali a zo da kwalin. Ba wanda zai yi mata faɗa.

A gaggauta ba tare da jiran komai ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburin leɓe ko harshe ko wuya, wahalar numfashi ko haɗiya, jiri ko suma, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙahon zuciya, ko ɗan ciki ya rage motsi. In rini ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15 sannan a tafi. Kada mai ciki ta sayi ƙwaya a kemis ko wajen mai talla don kashe ƙaiƙayi ba tare da ma'aikacin lafiya ya duba ta ba.

Kowa ya san matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato shekaru da dama, da yadda tafiyar dare ta zama abin tsoro. Matar da ke ƙauyen Isa ko Sabon Birni in numfashinta ya toshe bayan isha'i, kai ta babban asibitin garin ma aiki ne, balle Sakkwato. Shi ya sa na ce a yi rini da safe, kada a yi shi a jajibirin biki ko suna cikin gaggawa, kada kuma a yi shi ranar da ba kowa a gida. Wanda asibiti ya yi wa nisa, rigakafinsa ya kamata ya fi na kowa ƙarfi.

Masu zuwa haihuwa da ƙunshi kuma, don Allah a bar yatsa ɗaya ko biyu ba baƙi. Ma'aikata suna duba tafin hannu da farce don gane ƙarancin jini, kuma baƙin lalle yana iya hana na'urar da ake maƙalawa a yatsa auna iskar da ke cikin jini daidai.

Kira Ga Maigida Da Sauran Jama'a

Maigida, kai ne mai ba da kuɗin cefane, sau da yawa kai ne mai zuwa kasuwa. In iyalinka ta ce a sayo rini, ka sayo mai lamba ko ka sayo lalle. In ba hali, ka gaya mata furfurarta ba ta dame ka ba, domin mata da yawa saboda miji ko saboda kishiya suke wannan wahala. Ka kuma duba naka, don maza ma suna rina kai da gemu. Akwai irin wanda ake shafawa kullum yana baƙanta gashi a hankali, wasunsa da dalma ake yin su, har Amurka ta hana sa dalma a rinin gashi daga 2022. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010, mun san abin da dalma ke yi. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan ciki, kuma abin da ke hannunka da matashin kanka yana kai wa ga iyalinka.

Iyayenmu surukai da kakanni, ku ne ke shirya mai jego ranar suna, maganarku ake ji. Ku tsaya a kan jan lalle. Masu kitso da masu ƙunshi, ku ne kuka fi kowa taɓa waɗannan abubuwa, hannuwanku na cikin haɗari, wadda ke da ciki a cikinku ta fi kowa bukatar safar hannu da iska. Ku riƙa tambayar mace ko rini ko dayis ya taɓa ba ta matsala kafin ku shafa mata. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kayan kwalliya suna cikin abin da doka ta ɗora mata kula da shi. Muna roƙon ta da shugabannin kasuwanni su sa ido a kan tiren masu sayar da kayan ado a kasuwannin ƙauye kamar yadda ake sa ido a kan magunguna. Ungozomomi da ma'aikatan ɗakin awo kuma mu riƙa tayar da wannan magana da kanmu, kada mu jira sai an tambaye mu a bakin ƙofa.

'Yar'uwa mai juna biyu, ado haƙƙinki ne, ba wanda ya ce ki zauna buzu-buzu. Ki jira wata uku, ki duba kwali, ki yi gwajin kwana biyu, ki bar ƙullin leda a kasuwa, in kin ga kumburi ki zo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya raba lafiya, ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, amin.